Bututun Hayaƙi da Bututun Iska na Na'urar Ɗumama Gida Mai Amfani da Gas: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu da muke zaune a Amurka da Kanada mun taso ne inda zafi ake gudu, ba sanyi ba. Sai mutum ya kama haya ko ya sayi gida a Minisota ko Toronto, ya tarar da wata na'ura a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana cin wuta dare da rana wata biyar ko shida a shekara, ga bututu sun fito daga jikinta sun huda bango. Amsoshin nan don mai gida ne da ɗan haya su san abin da ya kamata idonsu ya gani. Ba su isa su mai da kowa ma'aikacin gas ba.

Me ya sa ake ta magana kan bututu, alhali na'urar ita ce mai tsada?

Saboda wuta ba ta ci sai da iska, kuma duk abin da ta ci sai ya bar hayaƙi. Kowane awo ɗaya na gas yana bukatar kusan awo 10 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan iskar ta wadata, abin da ke fitowa tururin ruwa ne da kabon dayoksaid. Idan ta gaza, ko hayaƙin da ya fita ya dawo ya sake shiga wutar, sai a samu kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da oksijin sama da sau 200.

Mun san wannan guba tun daga gida, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce ke kashe iyali sukutum idan an kwana da janareta a cikin ɗaki ko a baranda, ita ce kuma ke sumar da wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga a daren hunturu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a kowace shekara fiye da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar ta wannan hanya ba tare da gobara ba, fiye da 100,000 kuma ake garzayawa da su asibiti. Na'ura sabuwa fil, mai tsada, idan bututunta ya karkace ko ya toshe, za ta iya yin wannan ɓarna.

Ta yaya zan gane irin na'urar da ke gidana?

Ku dubi bututun da ya fito daga samanta. Idan na ƙarfe ne, ya miƙe sama zuwa rufi ko ya shiga mafitar hayaƙi ta bulo, to na'urarku irin mai cin moriyar kashi 80 cikin ɗari na gas ce. Hayaƙinta yana fita da zafi sosai, digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyas, kuma zafin ne ke ɗaga shi sama. Idan kuwa farin bututun roba ne, ɗaya ko biyu, yawanci ya bi ta bangon gefe, to mai kashi 90 zuwa sama ce. Ita tana tatse zafin hayaƙin har tururin ya koma ruwa, sai abin da ya rage ya fito da ɗumi kawai, fanka ta tura shi waje da ƙarfi. Kanada ta hana sayar da sabbin na'urorin gida da ke ƙasa da kashi 95 tun 2019, don haka a can kusan duk sabon aiki na roba ne.

Wannan bambanci shi ne tushen komai. A bututun ƙarfe iska ja take yi, a na roba turawa ake yi. Ƙaramar kafa a mahaɗin bututun roba tana nufin hayaƙi na fesowa cikin gida. Shi ya sa ba a taɓa haɗa iri biyun a bututu ɗaya, ba a sa roba a na'urar kashi 80 domin za ta narke, ba a kuma zura hayaƙin na'urar kashi 90 a tsohuwar mafitar bulo haka nan, domin ruwansa mai tsami ne, zai cinye siminti da ƙarfe.

Zan iya yin aikin da kaina? Ina da hannu a aikin famfo.

Shawarata a'a. Manna bututu ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce lissafin faɗinsa da tsawonsa, sanin inda doka ta yarda ya fito, da auna hayaƙin bayan an kunna, wanda sai da na'urar awo ta musamman. A Amurka ana bin ƙa'idar NFPA 54 ko takwararta ta IFGC, gwargwadon jiha da gari, a Kanada kuma CSA B149.1. A Ontariyo sai mai lasisin hukumar TSSA ke wannan sana'a. Kusan ko'ina sai an karɓi takardar izini, jami'in gari ya zo ya duba bayan an gama. Duk ma'aikacin da ya ce muku a bar maganar izini don a rage kuɗi, ku sallame shi cikin mutunci. Ran da abu ya faru, kamfanin inshora takardar nan zai fara tambaya.

Akwai kuma littafin da kamfani ya haɗo da na'urar. Doka da kanta ta ce a bi shi, kuma inda ya fi doka tsanani, shi ake bi. Ku ce a bar muku shi a jikin na'urar.

Wane irin bututun roba ya halatta?

Wanda littafin na'urar ya ambata da suna, shi kaɗai. Yawanci PVC ne mai kauri wanda ake rubuta Schedule 40 a jikinsa, ko CPVC, ko folifurofilin. A Kanada dole ne bututun da gwiwoyinsa da gam ɗinsa su kasance masu shaidar ULC S636, kuma na kamfani ɗaya. PVC ɗin wannan tsari yana jure digiri 65, CPVC kuma 90. Akwai wani bututun magudanar ruwa mai arha wanda cikin naman jikinsa kamar soso yake, daga waje kuwa ba a bambanta shi da mai kyau. Kamfanoni da dama sun hana amfani da shi. Ku karanta rubutun da ke jikin bututun, yana nan a jere daga farko har ƙarshe.

Tsohon gida yana da nasa abin dubawa. A 1998 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye wasu bututun roba masu launin toka ko baƙi, masu suna Plexvent da Ultravent, kimanin 250,000, saboda suna tsagewa, mahaɗansu na rabuwa. Har yau akan ci karo da su. Wanda ya ga ɗayan sunayen nan a bututunsa ya kira ma'aikaci a ranar.

Yaya ake haɗa su daidai?

A yanka bututun a miƙe, ba a karkace ba. A kankare kaushin bakin ciki da waje, domin ɗan tarkacen robar da aka bari yakan bi ruwa ya je ya toshe magudanar na'urar. A gwada haɗawa a bushe, a sa alama da alƙalami. Sannan a shafa ruwan share fage, wanda yawanci launin shunayya ne don jami'in dubawa ya ga shaidarsa, a bi da gam tun bai bushe ba, a tura bututun har ƙarshen gurbinsa, a ɗan murɗa, a riƙe na kusan rabin minti don kada ya turo kansa baya. Mahaɗi mai kyau za ku ga zoben gam ya zagaye shi ba yankewa. Folifurofilin shi ba a sa masa gam sam, da zoben roba da maƙalli ake haɗa shi.

Idan kun sauka ƙasa kun ga mahaɗi fari tas babu alamar shunayya ko gam, ko kun ga an naɗe shi da salatif, ko ga sawun ruwa ya bushe a ƙarƙashinsa, to wurin na yoyo. Inda ruwa ya fita, hayaƙi ma ya fita.

Ma'aikacin ya ce dole bututun ya gangaro wajen na'urar. Ba waje ya kamata ya gangara ba?

Gaskiyarsa. Na'urar da ke cin BTU 100,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne) tana iya tara ruwan da ya kai lita 3 a kowace awa tana aiki, wani sashensa kuma a cikin bututun yake taruwa. Ana so ya koma cikin na'urar, ya bi tarkon ruwanta, ya fita ta magudana. Ƙa'idar ita ce gangara ta rubu'in inci a kowace ƙafa, wato kusan santimita 2 a kowace mita. Idan aka gangarar da shi waje, ruwan zai daskare a bakin bututun ya toshe shi, ya kuma ɓata bango.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne bututun ya yi ciki a tsakiya saboda an yi rowar maɗauri. Kamar indararon da ya lotsa ne, ruwa ya kwanta a wurin. Sai ku riƙa jin ƙarar ɓulɓul idan fanka ta tashi, na'urar ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Ana sa maɗauri duk bayan ƙafa 3 zuwa 5, yadda littafin ya faɗa, ba a kuma matse shi har ya hana bututun motsi, domin roba na miƙewa da ɗumi tana takurewa da sanyi. Inda ya ratsa wuri mai sanyi, kamar saman silin ko gareji, a naɗe shi da abin riƙe zafi.

Ruwan da kansa yana da tsami, don haka wasu garuruwa kan bukaci a bi da shi ta wani ɗan gwangwani mai tsakuwar farar ƙasa kafin ya shiga magudanar gida.

Faɗin bututun fa, inci 2 ko inci 3?

Littafin yana da jadawali: ƙarfin na'ura kaza, faɗin bututu kaza, iyakar tsawo kaza. Abin da mutane ke mantawa shi ne kowace gwiwa ana ƙirga ta a matsayin ƙarin tsawo, ƙafa 5 ga mai lanƙwasa a hankali, har zuwa 10 ga mai kaifin kwana. A ce jadawalin ya ba ku ƙafa 60 a inci 2. Bututunku ƙafa 35 ne da gwiwa 4, ya zama 55, kun tsira. Aka ƙara gwiwa biyu don kauce wa wani ginshiƙi, ya zama 65, sai a koma inci 3. Garuruwa masu tudu irin su Denba iskarsu ba ta da kauri, jadawalinsu daban ne.

Bututu ɗaya na gani a gidana, maƙwabcina kuma biyu. Wanne ne daidai?

Duka biyun doka na iya yarda da su, amma ba ɗaya suke ba. Mai biyu yana jawo iskar ƙonawa daga waje kai tsaye zuwa akwatin wuta da ke rufe ruf, ya mai da hayaƙin waje. Wutar ba ruwanta da iskar da kuke shaƙa. Mai ɗaya yana fitar da hayaƙi waje amma daga cikin gida yake jan iska.

Ni dai duk wanda ya tambaye ni, biyu nake ce masa, ko da za a ƙara kuɗi. Dalili na farko, gidajen yanzu a toshe suke ta ko'ina don tattalin zafi. Na biyu ya shafe mu kai tsaye: muna suya da yawa, ƙosai, kifi, nama, kuma muna son fankar kicin mai ƙarfi da za ta kwashe ƙauri. Fankar nan, da injin busar da kaya, da fankar banɗaki, duk iska suke fitarwa daga gida. Idan babu inda wata za ta shigo ta maye gurbi, gidan zai jawo ta ta kowace kafa, har da bututun hayaƙin hitar ruwa ko na tsohuwar na'ura, sai hayaƙi ya juyo ciki. Shi ya sa ƙa'idar gine-gine ta Amurka ta tanadi a yi wa fankar kicin da ke fitar da iskar da ta wuce ƙafa 400 (tsawo sau faɗi sau bisa) a minti hanyar shigowar iska ta musamman. Dalili na uku, ɗakin ƙasa nan ne ake wanki, nan ake ajiye bilic da fenti da tina da gishirin tace ruwa. Tururinsu idan ya shiga wuta asid yake zama, ya ci cikin na'urar tun ba ta tsufa ba.

Ina so in kewaye na'urar da bango in mai da sauran wurin ɗakin baƙi. Akwai matsala?

A nan ne mutane da yawa ke jefa kansu cikin haɗari da kyakkyawar niyya. Idan na'urar ko hitar ruwa daga ɗaki suke shan iska, ƙa'ida ta ce kowane BTU 1,000 yana bukatar sarari mai girman ƙafa 50, tsawo sau faɗi sau bisa. Na'ura mai 100,000 da hita mai 40,000 sun zama 140,000, suna bukatar 7,000. Ɗan ɗakin da kuke shirin yi, ƙafa 6 da 8, bisansa 8, bai wuce 384 ba.

Mafita ita ce a buɗe kafa biyu, ɗaya cikin inci 12 daga silin, ɗaya cikin inci 12 daga daɓe. Idan cikin gida suka buɗe, kowace tana bukatar inci murabba'i 1 ga kowane BTU 1,000, kuma kada ta gaza 100, wato a misalinmu 140 kowace, da sharaɗin wurin da suka buɗe ɗin shi ma ya kai girman da ake bukata. Idan waje suka buɗe kai tsaye, inci 1 ga kowane 4,000 ya isa, wato 35. Idan ta bututu kwance iskar za ta biyo, sai a ninka, 70. Marfin da ake sa wa kafar yana cin nasa rabo: na ƙarfe ana lissafa kashi 75 ne ke buɗe, na katako kashi 25 kacal.

Kuma don Allah kada a toshe su. Sanyi zai shigo ta nan, gaskiya ne, mutum ya ga kamar ɓarna ce ya cusa tsumma ko ya jingina katifa. Da gangan aka bar wannan kafa. Ba a kuma yarda na'urar da ke shan iskar ɗaki ta zauna a ɗakin kwana ko banɗaki ba, don haka idan wani zai riƙa kwana a ƙasan, ku faɗa wa ma'aikacin tun kafin a kafa katako ɗaya.

A ina ya kamata bakin bututun ya fito a waje?

Aƙalla inci 12 sama da ƙasa, ko sama da inda dusar ƙanƙara ta saba kaiwa a garinku, duk wanda ya fi bisa. Ga mai bututu biyu da ya wuce BTU 50,000, Amurka na neman inci 12 tsakaninsa da taga ko ƙofar da ake buɗewa. Kanada na neman inci 12 har zuwa 100,000, inci 36 ga abin da ya haura. Mai bututu ɗaya ya fi tsanani a Amurka: ƙafa 4 a ƙasa ko a gefen taga, ko ƙafa 1 a samanta. A nisanta shi da mitar gas, kada ya fito ƙarƙashin dandamalin katako da ke rufe, ko lungun da iska ba ta zagayawa, ko saitin hanyar da mutane ke bi, domin ruwan da ke ɗiga yana daskarewa ya zama santsi.

Bakin iska yana kallon ƙasa, bakin hayaƙi yana sama da shi yana fesawa nesa da bango, da tazarar da littafin ya faɗa. Idan suka matsu da juna, na'urar za ta shaƙi hayaƙinta, danshinsa ya daskare a bakin iskar har ya rufe shi.

Idan dusar ƙanƙara ta rufe shi fa?

Na'urorin yanzu suna da ɗan makunni mai jin ƙarfin jan iska, idan bututu ya toshe sai ya hana wuta kamawa. Amma ba a dogara da shi kaɗai. A watan Janairun 2005 wata yarinya 'yar shekara 7 ta rasu a garin Plymouth na jihar Masacusets bayan dusar ƙanƙara ta binne bututun na'urar ɗumama gidansu. A shekarar jihar ta kafa dokar da ta wajabta ƙararrawar kabon monoksaid a gidaje. Duk lokacin da aka yi zuba mai yawa, ko iska ta tara ta a jikin bango, ku zagaya ku share bakin bututun da hannu, ba da shebur ba don kada ya fashe. Da kaka kuma a leƙa ko ganye, sheƙar tsuntsu ko gidan zanzaro sun shiga. Kada a ɗaura masa raga mai ƙananan ido, raɓa na daskarewa a kanta.

An sa mini sabuwar na'ura ta roba, hitar ruwa ta rage ita kaɗai a tsohuwar mafitar bulo. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Da can su biyu ke ɗumama mafitar, hayaƙi na tashi da sauri. Yanzu hitar kaɗai ba za ta iya ɗumama wannan faɗin ba, sai hayaƙin ya huce a hanya, ya zama ruwa ya jiƙa bulo, ko ya dawo ƙasa. Ƙa'ida ta ce girman ramin mafita, a lissafin inci murabba'i, kada ya wuce ninki 7 na girman bakin hayaƙin abin da ke amfani da ita. Yawanci sai an zura mata bututun ƙarfe daidai girman hitar. Ku tambayi wannan tun ana ciniki. Alamar matsala ita ce tsatsa ko kunkunniya a saman hitar, ko robar da ke kewaye da bututun ruwanta ta narke.

Bututun ƙarfe mai riɓi biyu, wanda ake kira nau'in B, yana bukatar tazarar inci 1 daga katako. Mai riɓi ɗaya inci 6 yake bukata, kuma ba a ratsa silin ko saman rufi da shi.

Me zan nema kafin in biya cikon kuɗi?

Ku ce a kunna a gabanku, a sa na'urar awo a bututun hayaƙi, a rubuta muku sakamakon. Iyakar kabon monoksaid da ƙa'idar ƙera na'urorin ta yarda ita ce kashi 400 cikin miliyan, amma na'ura mai lafiya tana ƙasa da 100, sau da yawa ƙasa sosai. Idan akwai hita mai bututun ƙarfe, a rufe ƙofofi da tagogi, a kunna fankar kicin da ta banɗaki da injin busar da kaya gaba ɗaya, a ga ko hayaƙinta na tafiya sama ko yana dawowa. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan roƙo ba. Wanda ya ce ai da ido yake ganewa, bai gama aiki ba.

Ƙararrawa fa, kuma me zan yi idan ta yi kuka?

A sa ɗaya a kowane hawa na gida, da kusa da ɗakunan kwana. Ontariyo ta wajabta ta tun 2014. Tana tsufa, yawanci shekara 5 zuwa 10, kwanan watan yana bayanta. Ku sani kuma ba ta kuka da wuri: a kashi 70 cikin miliyan tana iya ɗaukar awa 1 zuwa 4, a 400 kuma minti 4 zuwa 15. Saboda haka idan mutanen gida suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala a lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da sun fita, kada a ce mura ce ko gajiya. Jarirai, masu juna biyu da tsofaffi su ne ke fara jigata.

Idan ta yi kuka, a fitar da kowa waje nan take, a ƙirga yara, a kira 911 daga waje, kada kowa ya koma ɗauko wani abu sai 'yan kwana-kwana sun auna sun ce a shiga. Kada a sake kunna na'urar sai ma'aikaci ya gano musabbabin. Ɗan haya ya sanar da mai gidan a rubuce, ya ajiye kwafi, idan kuma an yi biris da shi ya kai maganar ofishin duba gidaje na garin.